Tafiyar Gwaram da Kujerar da ke Tsakanin Lasifika Biyu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Tun da muka dawo daga Gwaram 'yan majalisarmu suke damuna da tambaya, kai ka ce wata ƙasa na je. Kowa ya zo sai ya ce, "Haladu, wai me ka gano a ɗakin nan?" In na fara bayani sai in rikice a tsakiya, su yi ta dariya. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, alhakin ya hau kaina. Ga shi kuma har yau ban gama gane abin da na gani ba. Amma akwai abin da nake nema a wurin masu karatu, shi ya sa na daure.

Sana'ata hayar lasifika ce a Birnin Kudu. Wa'azi, walima, saukar karatu, duk ana kirana. In na je sai in ɗaure ƙaho ɗaya a kan gora ya kalli gabas, ɗaya a kan bishiya ya kalli yamma, har matan da ke ƙarshen unguwa su ji. A wurinmu lasifika mai kyau ita ce wadda ta kai nesa.

Ina da kawu a Yalwan Damai, yayan mahaifiyata, sunansa Maikano. Makaɗin gayya ne, gangar noma yake kaɗawa tun kafin a haife ni. Abokin kiɗansa Ja'e shi ke riƙe kazagi, ƙaramar gangar nan mai siririyar murya da ke amsa wa babbar. Bara da damina, a wata gayya a Zandam, wani mutumin Gwaram mai suna Nasiru, wanda ke da situdiyo, wato ɗakin ɗaukar sauti, ya ɗauki kiɗansu da makirufo biyu. Bayan kaka Allah ya yi wa Ja'e rasuwa. Tun daga nan Kawu ya rataye gangarsa, ya rage magana, abinci ma sai an matsa masa. Da ya ji akwai kiɗan a ajiye, sai ya ce ba abin da yake so sai ya sake jin hannun Ja'e. Nasiru ya turo mini a waya, na kai wa Kawu, ya saurara kaɗan ya ce, "Wannan ai yara ne ke buga gwangwani." Da na faɗa wa Nasiru sai ya ce in kawo Kawu situdiyo, kuma ya ce ya sayi sababbin lasifika biyu daga Kano waɗanda za a sauke a Birnin Kudu, in taho da su gaba ɗaya.

Ranar tafiya na ɗauko Kawu a babur da sassafe, muka wuce tasha, na karɓi kwalayen lasifikar guda biyu. A jikin kwalayen akwai hoton kofin gilashi da kibiya ta kalli sama. Ni dai na ɗauka gilashi ne a ciki. Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai jefa su but ɗin mota, na riƙe gam.

"Malam, amarya ce a ciki?" in ji shi.

"Amana ce," na ce.

"To ka rungumi amanarka, amma kujera ɗaya za ka zauna."

Haka na zauna, kwali ɗaya a cinya, ɗaya tsakanin ƙafafuna, ban iya ko juyawa. A gefena wata dattijuwa ce za ta Maruta da jarkar kindirmo. Ta tambaye ni me ke ciki, na ce lasifika. Ta auna kwalin da ido ta ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar? Ai ko kaji ba za ta tara ba." Motar ta faɗa wani rami, murfin jarkar ya yi tsalle, kindirmo ya zubo a kan kwalin ƙasa. Na cire hulata ina gogewa. Ita kuwa cewa ta yi, "Bar shi ɗana, nono ba ya ɓata komai." Ban yarda ba, amma ban yi musu da babba ba. Kawu na jikin taga yana kallon gonaki.

Inda ƙasar Birnin Kudu ta ƙare ta Gwaram ta fara, muka tarar da shinge, wasu mutane sun gicciye katako a hanya. Ɗaya ya leƙo ya ga yadda na rungume kwali, ya ce in sauko in buɗe. Da ya ga abin, baƙin akwati mai ido biyu, babba a ƙasa ƙarami a sama, sai ya kira ɗan'uwansa.

"Ka taɓa ganin wannan? Ko injin neman zinare ne?"

"Ranka ya daɗe, lasifika ce."

"Ina ƙahon?"

"Ba ta da ƙaho."

Ya kai yatsa zai latsa ƙaramin idon. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, ni da ko yarana ban cika yi wa tsawa ba. Na shiga ba shi haƙuri, ina rantsuwa ba raini ba ne. Direba ya leƙo ya ce, "Ku ƙyale shi, tun tasha yake haka." Suka yi dariya suka janye katakon. Har muka shiga Gwaram ina tunanin ko ya kamata in koma in sake ba shi haƙuri.

Mun tarar Nasiru ba ya gari, ya tafi gaisuwar mutuwa, sai washegari. Baffansa Alhaji Sabo, mai sayar da hatsi, shi ya sauke mu a ɗakin baƙi na jikin zaurensa. Mutum ne mai fara'a da babbar murya. Da yamma aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Mu a gida man shanu ɗigawa ake yi, su a gidan nan kwarara shi suke yi. Kuma in ka ce ka ƙoshi ba a ɗauke kwano, ƙarawa ake yi. Na ci har na ji tsoron cikina, don kada a ce na raina. Kawu ya yi loma kaɗan ya wanke hannu. Alhaji ya lura, sai ya sa aka dama masa fura.

Da safe bayan kunu da ƙosai, Alhaji ya ɗauko mukulli ya ce mu je mu jira Nasiru a can. Maƙwabta dattawa biyu suka biyo mu, sun ji za a kunna kiɗan Maikano da Ja'e.

To nan ne na shiga wata ƙasar. Ɗaki ne ƙarami a bayan shagon hatsi. Ba taga. An manne soso irin na katifa a bango, har da rufi. Ana rufe ƙofa sai na ji kunnena ya toshe. Na yi sallama, muryata ta faɗi a gabana ba ta je ko'ina ba. Mu a gida ɗakin kirki shi ne mai iska, a nan kuwa fanka ma an rubuta kada a kunna ta lokacin aiki. Akwai tebur da kwamfuta, da kujera ɗaya tak mai juyawa, ta ba ƙofa baya. Gefen teburin dama da hagu an kafa wasu ƙarafa biyu masu faifai a kai. Na ɗauka na ajiye buta ne ko fitila.

Aka shimfiɗa tabarma a jikin bango, Alhaji da dattawan suka zauna. Kawu ya wuce can ƙarshe, kusa da kusurwa, ya ɗan sauka daga tabarmar, kamar yadda makaɗi ke yi a gaban masu gida.

Alhaji ya ce, "Malam Haladu, ba kai ne mai lasifika ba? Haɗa mana kafin ya zo."

Na ce gara a jira mai ɗaki. Ya ce, "Haba, sana'arka ce fa." Dattawan suka sa baki. Na rasa yadda zan yi. Na buɗe kwalayen, na yi hamdala da nonon bai shiga ba, na yi abin da na saba. Na ajiye ɗaya a ƙasa cikin kusurwa, kusa da Kawu, tunda dominsa aka zo. Ɗayar na ɗora a kan kabad ta kalli ƙofa, don mutanen da suka fara taruwa a waje su ma su samu. A raina na ce na yi adalci.

Nasiru ya iso da hantsi. Mutum ne siriri mai sanyin magana. Ya durƙusa ya gaida baffansa da dattawa, ya gaida Kawu, sannan ya ɗaga kai ya ga aikina. Na ga fuskarsa ta canja. Ya buɗe baki, sai Alhaji ya ce, "Ka ga Malam Haladu ya hutar da kai. Kunna mana." Nasiru ya haɗiye maganarsa. A gaban baffansa da baƙi ba zai ce an yi kuskure ba. Ya jawo dogayen wayoyi ya haɗa, ya tsuguna a gefen kujera don kada ya ba manya baya, ya kunna.

Ganga ta tashi daga kusurwa kamar hadari, har cikina na ji ta. Dattawa suka ce, "Kai, madalla!" Ni ma na ji daɗi, na ga ƙarfi ya samu. Sai na dubi Kawu. Ya karkatar da kai yana nema. Ya jira, ya jira. Can sai ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"Haladu, mu tafi gida."

"Kawu, yanzu aka fara."

"Ni kaɗai ne a ciki. Kaina na zo ji? Sun cire Ja'e." Ya juya wurin Nasiru. "Yaro, don ya mutu shi ne ka goge shi?"

Nasiru ya kashe kiɗan, ya ce, "Baba, wallahi yana nan. Ku ba ni izini in gyara zaman lasifikar." Ya dube ni ya ce in yi haƙuri. Na ce ni zan ba da haƙuri. Muka tsaya muna ba juna haƙuri har Alhaji ya ce mu bari haka nan, Kawu na bakin ƙofa.

Ga abin da Nasiru ya gaya mini muna aiki, in na yi kuskure a gafarce ni. Ya ce waɗannan ana ce musu monita, ba a yi su don taro ba, an yi su don kunnen mutum ɗaya. Makirufo biyun da ya ɗauki kiɗan da su, ɗaya ya fi kama ganga, ɗaya ya fi kama kazagi, don haka kowace lasifika da rabonta. Ni na kai wa Kawu rabonsa har gindin kunne, na aika rabon Ja'e waje wurin masu kallo. Kuma kusurwa tana kumbura babbar murya, ta danne ƙarama.

Ya ɗora su a kan ƙarafan nan da na ɗauka na buta ne. Ya janye su daga bango, ya ce kada su jingina, kuma nisan ta dama da bangonta ya zama daidai da nisan ta hagu da nata. Ya ɗauko igiya ya auna tsakaninsu, ya ce in riƙe, ya auna daga kowace zuwa inda kan mai zama a kujera zai kasance. Duk tsawo ɗaya.

"Kamar duwatsun murhu," in ji shi. "Lasifika biyu, na ukun kanka ne. In ɗaya ya goce, tukunya ta karkace."

Sannan ya karkato fuskokinsu ciki, kowace ta kalli kunne, ya ce ƙaramin idon nan na sama dole ya yi daidai da tsayin kunne, don siririyar murya miƙewa take yi kamar hasken tocila, ba ta kwana. Ya ce in zauna a gwada. Ya kunna muryar wani mai magana. Jama'a, maganar ba ta fito daga dama ba, ba ta fito daga hagu ba. Daga tsakiya ta fito, daga bangon da ba komai. Na tashi na leƙa bayan kwamfuta ina neman ta uku. Ba ta. Na koma na zauna, mutumin ya dawo tsakiya. Na matsa gefe kaɗan, ya gudu ya shige lasifikar dama. Na yi a'uziyya a ɓoye. Na tambayi Nasiru, ya ce kunnuwa biyu ne ke haɗa shi a cikin kai. Wato mutumin a cikin kaina yake? Ya ce kusan haka. Ban sake tambaya ba.

Sai aka zo ga babbar matsala. Wurin jin gaskiyar kiɗan guda ɗaya ne a ɗakin, shi ne kujerar nan. Kawu ya ce shi ba zai hau ba.

"Ni makaɗi, in hau kujera Alhaji na ƙasa? In kuma ba dattawa baya? Ban yi da ƙuruciya ba, sai yanzu?"

Nasiru ya roƙa, na roƙa. Na ce ko a sauko da lasifikar ƙasa, Nasiru ya ce ƙarafan ba sa sauka haka, kuma tebur zai tare. Na ce ko dattawa su fita, sai na ji nauyin abin da na faɗa, na yi ta neman gafara. Kawu ya riga ya sa takalmi ƙafa ɗaya.

Alhaji Sabo ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa dattawan su ma su tashi.

"Maikano, ga mu a tsaye. In ka zauna, wa ya fi wani tsawo?"

Kawu ya dubi kujerar. "Bayan da zan ba ku fa?"

"Yau da asuba liman ya ba ni baya, ban ji haushi ba. Zauna, ƙafata ba ta da ƙarfi."

Dattawan suka yi dariya. Kawu ya cire takalmin. Ya zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron ta ƙone shi, kujerar ta juya da shi, na riƙe ta. Nasiru ya ɗaga ta kaɗan don kunnensa ya kai, ya ce ya jingina. Muka jeru a bayansa. Aka kunna.

Ganga ta fara, ba hadari wannan karon, ganga sosai, har ana jin gula na taɓa fata. Sai kazagi ya shigo. Kawu ya miƙe zaune. Ya juya kansa hagu da sauri.

"Kai, Ja'e!" ya ce. Sannan a hankali, "Me ya kai ka can?"

Nasiru ya tsayar. "Baba, lafiya?"

"Shi ne. Hannunsa ne. Amma Ja'e bai taɓa tsaya mini a hagu ba. A dama yake, nan." Ya dafa kafaɗarsa.

Na ce shi ke nan, na sake ɓata wani abu. Amma Nasiru ya ce ba laifin kowa. Ranar gayya shi a gabansu ya tsaya, kamar kowane mai kallo. Wanda ke damar Kawu, a hagun mai kallo yake. Ya jera kiɗan yadda jama'a suka ji shi. Kawu kuwa bai taɓa jin kiɗan daga gaba ba, a cikinsa yake tsaye. Nasiru ya zagaya bayan tebur ya musanya wayoyi biyu, ya sake kunnawa.

Kawu ya gyara zama. Ya karkata dama kaɗan, yadda mutum ke yi in abokinsa na raɗa masa wani abu. Hannunsa na bugun cinya. Wani wuri kazagi ya yi wata 'yar gardama, ya shigo kafin lokacinsa, Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗan banza, kullum sai ka yi min haka a nan." Hawaye na bin gemunsa. Alhaji na tsaye da ciwon ƙafarsa har aka gama, aka sake, aka kuma sakewa. Da rana Kawu ya cinye tuwonsa, ya karɓi ƙari.

Kafin mu tafi ni ma na zauna na ji. Ga inda kaina ya ƙara kullewa. Tun ina yaro nake bin su gayya, kuma a gabansu nake tsayawa. Da na ji kazagi a dama sai na ji ba daidai ba, kamar na sa takalmi a juye. Na tambayi Nasiru wanne ne na gaskiya. Ya ce duka. Na ce abu biyu masu saɓani ba za su zama gaskiya tare ba. Ya ce to in zaɓa, don zai ba mu namu kwafin kiɗan, zai kuma ba iyalan Ja'e nasu. Kawu ya ce nasa a bar Ja'e a dama. Na iyalan Ja'e kuwa, waɗanda su ma daga gaba suka saba ji, na ce a dakata tukuna, ban isa in yanke ba.

Dawowa ba abin da ya faru, sai dai a shinge mutumin nan ya gane ni ya ce, "Mai zinare, ina injin?" Na samu na ba shi haƙurin da ke cina.

Yanzu ga roƙona. Kawu yana so ya riƙa ji a gida, Gwaram ta yi wa ƙafarsa nisa. Na samo ƙananan lasifika biyu. Amma zaurensa zagayayye ne, na ƙasa, rufin ciyawa, ba kusurwa ko ɗaya, kuma a tabarma yake zama, ya ce kujera sau ɗaya ta isa. Nasiru ya ce shi bai taɓa jera monita a zagayayyen ɗaki ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Na gwada da igiya, na ɗora su a kan bulo, amma wani lokaci kazagin na dawowa ta bayan kai, Kawu ya yi ta waige. Duk wanda ya san wannan aiki, don Allah ya rubuto a ƙasan wannan rubutu: a tsakiyar zauren zan zaunar da shi ko kusa da bango? Bulo nawa ya kamata ga mai zaman ƙasa? In rataya bargo ne a bayansa? Kuma na iyalan Ja'e, a wane gefe ya dace a sa mahaifinsu? A yi mini bayani dalla-dalla yadda zan gane, kuma a taimaka a hanzarta. Kawu ya riga ya hana kowa zama a gefen damansa na tabarma.